Daura Kafin Giranada

Fasfo ɗina na hannun masu biza, ni kuma ina zaune gida Katsina ina jiran kira, sai mahaifiyata ta ce in tashi in je Daura in yi wa iyayenta sallama tun takarda ba ta fito ba, kada a shiga gaggawa in ce waya zan buga. "Zuwa da kai ya fi aike," in ji ta. 'Yar Daura ce aure ya kawo ta Katsina, kuma a wajenta duk tafiyar da ta wuce Kano ba ta ƙulluwa sai Malam ya sa albarka. Tawa kuwa ta wuce Kano nesa ba kusa ba. Sifaniya za ni, birnin Giranada can kudancin ƙasar, karatun digiri na biyu a kan albarkatun ruwa, bayan na gama na farko a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Da fargaba na haɗa 'yar jakata. Malam kakana tsohon malamin zaure ne, almajiransa sun zama malamai, wasu ma sun riga shi gidan gaskiya. Na san da Masar ce ko Sudan ko Madina, kafin in rufe baki zai ce Allah ya kiyaye hanya. Amma ƙasar Turawa, wadda ba ma Ingila ba ce da kunne ya saba da ita, ban san da wace fuska zai karɓi zancen ba. In kuwa ya ce a'a, mahaifiyata ba za ta tsallake maganarsa ba ko da biza ta fito.

Ba ƙaramar wahala aka sha ba kafin a kawo wannan jiran, zan ɗan faɗa saboda ƙannenmu masu niyya. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 wadda ta sa hatimi ɗaya ke wadatar da takarda tsakanin ƙasashe, don haka shaidar digiri da sakamakon jarrabawa sai sun bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, ofishin jakadancin Sifaniya ya ɗora nasa hatimin, sannan mai fassarar da gwamnatinsu ta amince da shi ya mayar da su Sifaniyanci. Ga takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, ga ta likita, ga inshorar lafiya, ga shaidar kana da abin da za ka ci, wanda a lokacin da na nema Yuro 600 ne kowane wata. Ba don tallafin karatun da na samu ba, wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya zaunar da ni. Harshen kuwa a waya na fara shi, da daddare in an kawo wuta, daga baya na samu malami ta intanet, har na kai ga zama jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes, tunda da Sifaniyanci za a koyar da mu. Bahaushe ya yi sa'a da wannan harshe ta wani gefen: wasulansa biyar ne irin namu, yadda aka rubuta haka ake karantawa, kuma kaɗa harshen nan da ke ba mutanen Ingila wuya mu da shi muka tashi. Inda gumi yake shi ne aikatau, don kowanne sai ya sauya kama gwargwadon mai yi da lokacin yi. Mutanen kudu, inda za ni, su kuma haɗiye ƙarshen kalma suke yi, sai ka kasa kunne sosai.

Da hantsi na isa tasha na tarar Sharon ce ke lodi, na samu gefen taga. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ta Mashi da Shargalle, kuma a watan Agusta ban san hanyar da ta fi ta kyau ba. Gero ya fi mutum tsawo ya fara fitar da kai, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, gyaɗa ta rufe kunya ruf. Gawo ne kaɗai tsaye ba ganye a tsakiyar gonaki, shi da ke zubar da nasa da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma toho da rani lokacin da dabba ke neman abin sawa a baki. Duk inda kwari yake ruwa ya kwanta, yara na iyo a kududdufi.

Wani saurayi kusa da ni, sanye da rigar Real Madrid, ya leƙa ɗan littafin nahawun da nake dubawa ya ce wannan wane yare ne. Ina faɗa masa mota ta kaure, don direba ɗan Barcelona ne na gani-kashe-ni. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a Katsina ta wannan ƙofar ya san Sifaniya. Da na ambaci Giranada, saurayin bai yi wata-wata ba ya ce ai can ne Odion Ighalo ya ci ƙwallon da ta hau da su babban rukuni a 2011, kuma a Almeriya maƙwabciyarta ne Sadiq Umar ɗan Kaduna ya yi suna. Gaskiyarsa duka biyun.

Akwai wani dattijo a kujerar gaba, falke mai zuwa Mai'aduwa, bai sa baki ba sai da hayaniya ta lafa. Ya waiwayo ya ce, "Samari, ta sama za ka ko ta ƙasa?"

Na ce, "Ta sama, Baba, da takarda."

Ya ce alhamdu lillahi. Ya ce shekara da shekaru yana ganin yara, namu da na kudu, suna bi ta Kwangwalam su nufi Damagaram da Agadas, kowa da 'yar jaka a baya, kuma ba duka ake sake jin ɗuriyarsu ba. Mota ta yi tsit. Wannan ma wata ƙofa ce da aka san Sifaniya da ita: a 2024 kaɗai mutum sama da 46,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya cikin kwale-kwale daga gaɓar Afirka ta Yamma, ban da waɗanda teku ta ci. Maganar dattijon ta zauna mini a rai. Ban fi waɗancan yaran da komai ba. Ni na samu wanda ya riƙe ni a makaranta, su ba su samu ba.

Daga Shargalle na koma kallon taga, ina tuna abin da ya sa na zaɓi wannan ƙasa tun farko. Duk ruwan nan da ke kwance, kafin Nuwamba babu shi. Katsina kan samu wajen milimita 600 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, ya zubo da ƙarfi ya kwashe ƙasar gona ya yi gaba. Almeriya kuwa wajen milimita 200 take samu, amma daga can ake lodin tumatir da tattasai da kokwamba zuwa kasuwannin Turai duk tsawon hunturu, daga rumfunan leda da suka rufe fiye da hekta 30,000, ana ɗiga wa kowace shuka ruwa a gindinta. Ban ɗauki abin nasu mara aibi ba. Sun zuƙi ruwan ƙasa har gishirin teku ya fara shiga wasu rijiyoyi, kuma da yawan masu aiki cikin zafin ledar nan baƙi ne 'yan Afirka da ba a biyansu haƙƙin guminsu. Amma wanda ya yi noma da sulusin ruwanka akwai abin da ya sani, har da inda ya yi tuntuɓe. Ɗalibanmu sun saba da Malesiya da Indiya da Sudan da Ingila. Ban ga abin da zai hana mutumin bakin hamada koyon harshen da mutum wajen miliyan 500 suka tashi da shi ba, alhali cikinsu akwai manoman Meksiko da Peru masu fama da ƙishin ƙasa irin namu.

Kafin azahar muka shiga Daura, ɗan acaɓa ya kai ni ƙofar gida. Iya na tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta faɗin sunana tunda na mijinta ne.

"Lale da mai sunan Malam! Ashe ka tuna da tsohuwar matarka? Na ji an ce Baturiya za ka ɗauko mini kishiya."

Na ce, "Iya, ko ina na je ke ce uwargida."

Ta yi dariya har da tafi, ta sa aka dama mini fura. Da dare tuwon gero ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Malam kuwa gaisuwa kawai muka yi da rana, bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan isha'i aka ce yana kira. Zauren na nan yadda na san shi: buzu, allunan yara jingine da bango, fitilar caji a alkuki, ƙanshin tawada. Ido ya yi masa rauni amma kunne garau. Na durƙusa na sake gaishe shi.

"Takwara, uwarka ta aiko cewa ƙasar Nasara za ka. Wacce daga ciki?"

Na ce Sifaniya. Bai ce komai ba, yana jan carbi.

"Wane gari?"

"Giranada, Allah ya gafarta Malam. A yankin da suke kira Andalusiya."

Carbin ya tsaya. "Garnaɗa? Garnaɗar Andalus?"

Na ce ita. Sai ya ɗaga murya ya kira wani almajiri, ya ce ya shiga ɗaki ya ɗauko gafakar da ke kan adaka. Da aka kawo ya kwance igiyar fatar da kansa, a hankali, ya zaro takardu warwara waɗanda tsufa ya mayar ja. Rubutun hannu ne irin namu na Magariba, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, gefen kowane shafi cike da ƙananan bayanai, wasu da Larabci wasu da ajami. Wani wuri gara ta ɗan taɓa, an liƙe da wata takarda. Ya ce mahaifinsa ne ya kwafe shi da hannunsa.

"Tuhfa ce wannan. Alƙalan ƙasar nan da ita suka yi shari'a, har gobe ana buɗe ta a kotu. Ka san mai ita? Ibnu Asim, alƙalin alƙalan garin da ka ce za ka."

Bai tsaya nan ba. Ya ce Ashafa da ake karantawa da azumi, mai ita Alƙali Iyal ɗan Sabta ne, kuma ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Ya ce Alfiyyar da ɗalibi ke haddacewa kafin a ce ya san nahawu, Ibnu Malik mutumin Jayyan ne. Ishiriniyar da Iya ke rerawa tana aiki, wadda makafi ke yi a ƙofar gidaje, Alfazazi a Ƙurɗuba aka haife shi. Yana faɗin sunayen garuruwan nan ba gargada, ya san wane ya yi karatu wajen wane, wane ya yi hijira, wane ya rasu a Marrakish.

Na ciro waya na buɗe taswira. Ba ya ganin rubutun, sai ya riƙa tambaya ina ba shi amsa. Jayyan fa? Na ce tana nan, wajen kilomita 90 arewa da Giranada, ƙasar zaitun ce, babu lardin da ya kai ta man zaitun a duk Sifaniya. Ƙurɗuba? Tafiyar awa biyu zuwa uku a mota. Sabta? Na ce ita a gefen Afirka take, jikin Maroko, amma Sifaniya ke mulkinta, kuma mashigin ruwan da ya raba nahiyoyin biyu a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ana zuwa a dawo."

A daren nan na ga irin ramin da ke tsakanin makarantunmu biyu. Na yi shekaru ina karatun taswira, na san tsaunin Mulhasen da ke lardin Giranada mita 3,479 ne, na san watannin da ruwa ke sauka can, amma babu darasin da ya taɓa haɗa mini wannan birni da littattafan da na tashi ina ji a gidan kakana. Malam kuma ya san mutanen garin da malamansu da almajiransu, amma ba wanda ya taɓa zama ya nuna masa garin na nan daram, da tashar mota da kasuwa da jami'a. Abin ya yi mini ciwo, don gida ɗaya muke, kuma a Katsina da Daura irin gidanmu ba ya ƙirguwa.

Ya ce mu Katsinawa ai fita neman ilimi gadonmu ne. Ya kawo Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi hajji ya zauna Masar har ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya kawo Shehu Almagili da ya zo Kano da Katsina ya karantar, ya kawo hasumiyar Gobarau. Na ce masa zuwan Almagili a shekarun 1490 ne, daidai lokacin da Garnaɗa ta fita daga hannun Musulmi a 1492. Na ƙara masa da Assahili, mutumin Garnaɗa da ya biyo Mansa Musa daga hajjin 1324, wanda ake jingina wa ginin masallacin Jingarebar na Tambutu. Ya ce to ka gani, hanyar tsohuwa ce, ciyawa ce ta rufe ta.

Daga nan ya koma tambayoyin da na san zai yi.

"Akwai masallaci?"

Na ce akwai. An buɗe babba a 2003 a kan tudun Albaisin, tsohuwar unguwar Musulmi, yana kallon Alhamra, fadar sarakunan Musulmi na Garnaɗa. Musulmin ƙasar sun haura miliyan 2, galibi 'yan asalin Maroko, kuma a Giranada akwai mahauta masu yanka. Abin kiyayewa shi ne alade, don abincinsu ne na yau da kullum, kitsensa har cikin wasu kayan fulawa yake shiga, sai mutum ya karanta abin da aka rubuta a jikin leda.

"Babban masallacin Ƙurɗuba fa?"

Na ɗan yi jim, sannan na faɗa masa gaskiya. Ginin da Abdurrahman na Farko ya fara wajen 785 yana nan da ginshiƙansa da mihirabinsa, amma tun 1236 coci ne, ana shiga a gani, ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Ka je ka gani, ka yi wa waɗanda suka gina shi addu'a a zuciyarka. Kada ka karya wa masu gida doka, baƙo ne kai."

Ya tambayi alƙibla, na ce nan gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, can kuwa gabas ne a ɗan karkata kudu. Ya tambayi lokutan salla, na ce a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, amma azumin shekarun nan a ƙarshen hunturu yake faɗowa, yinin bai fi namu tsawo ba. Da hunturu agogonsu ɗaya da namu, da zafi suna gabanmu da awa ɗaya, saboda haka kiran waya ba zai yi wuya ba.

Abin da ya fi faranta masa rai na ajiye shi ƙarshe. Sarki Yusuf na Farko ya gina makarantar ilimi a Garnaɗa a 1349. Ɗakin sallarta da mihirabinsa sun tsira har yau, kuma jami'ar da za ni, wadda aka kafa a 1531, ita ke riƙe da ginin. Ya yi murmushi ya ce in na shiga in ɗauko hoton mihirabin in turo, ko shi bai gani sosai ba yaran zaure su gani.

"Na yarda, takwara. Amma ka koyi harshen nan har ka iya gardamar ilimi da shi, ba na cefane kaɗai ba. Kuma abin da za ka nemo, nan ake bukatarsa, ba can ba."

Ya kama hannuna ya yi doguwar addu'a ya tofa, almajiran da ke bakin ƙofa suna amsawa da amin.

Da sassafe Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa fadamarsa bayan gari. Yanzu masara ce da shinkafa a wurin, amma in rani ya yi albasa yake sawa da tumatir da ɗan alkama. Ya nuna mini rijiyarsa, ruwa ya taso kusa da baki. Ya ce in dawo a watan Afrilu in gani, sai an ƙara tiyo kafin inji ya kamo, wata shekarar ma ya riƙa jan iska. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ban-ruwa ya zama abin da ya zama, masu hali sun koma sola, marasa hali sun rage fili. Ga madatsun Sabke da Daberam a yankin, amma ba kowace gona suke kaiwa ba.

"To kai ɗana, me za su koya maka can wanda zai tsayar mini da ruwan nan?"

Na ba shi labarin abin da ya fara jan hankalina. A tsaunukan bayan Giranada ƙanƙara ke sauka da hunturu. In ta fara narkewa, maimakon a bar ruwan ya gangara kogi ya wuce, manoma na tare shi da ƙananan magudanai da aka haƙa tun zamanin Andalus, su bi da shi gefen tsauni a hankali, su sake shi a wuraren da suka san ƙasa na sha. Ruwan ya nutse, ya yi makonni ko watanni yana tafiya ta cikin dutse, sai ya ɓullo a idanun ruwan ƙauyukan ƙasa a tsakiyar rani, daidai lokacin da ake nemansa. Tsaunin ya zame musu randa. Kowace shekara mutanen gari ke fita gayya su yashe magudanan, kuma masu bincike daga jami'ar suna aiki tare da su, suna auna abin da ya shiga da abin da ya fito.

Kawu ya ce, "Mu ina muka ga ƙanƙara?"

Na ce ba mu da ita, amma muna da ruwan Agusta, kuma matsalar ɗaya ce: ya zo lokaci guda ya tafi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu farawa, suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako don ruwa ya tsaya ya nutse, suna barin tohon gawo ya girma a gona maimakon a sare. Abin da ya rage mana shi ne awo. Nawa ke nutsewa, ina yake zuwa, rijiya nawa fadama ɗaya za ta ɗauka kafin ta gaza. Wannan shi za ni koyo. Ba zan dawo da ruwa a jaka ba, amma ina so in dawo na iya gaya wa manomi gaskiyar abin da ke ƙarƙashin gonarsa.

Ya ce ai ko an samu ruwan, rabonsa ne ke haɗa faɗa, na sama ya tare na ƙasa ya rasa. Na ce a Balensiya, wani birnin Sifaniya, akwai kotun ruwa ta manoma zalla. Kowace Alhamis da tsakar rana wakilan magudanai takwas, waɗanda manoma suka zaɓa daga cikinsu, suke zama a ƙofar babban cocin garin. Mai ƙara ya faɗi tasa, wanda ake ƙara ya faɗi tasa, a yanke nan take da baki, kuma dokar ƙasa ta amince da hukuncin. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009. Wannan ya fi komai burge Kawu, ya sa na maimaita masa, ya ce in na je in tabbata na halarci zaman ko sau ɗaya in ga yadda suke tsawata wa mai satar ruwa da dare.

A hanyar dawowa muka tsaya Kusugu. Rijiyar na cikin ɗakinta, aka zura guga aka ba mu muka sha, ruwan da sanyi. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san labarin macijin da ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo da dare ya kashe shi. Ni abin da na riƙe a ciki shi ne, labarin asalinmu kansa a kan ruwa da rabonsa aka gina shi.

Na tarar Iya ta baje kaya a tabarma: kilishi, dambun nama cike da roba, man shanu a kwalba. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shiga da nama ko abin da aka yi da madara, a filin jirgi za a karɓe. Ranta bai so ba. Ta ce to wace irin ƙasa ce wannan da ake hana mutum guzurinsa. Ta kwashe ta ce in kai wa uwata, ta maye gurbinsu da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, kowanne a ƙullinsa. Da na ce mata garin a gindin tsauni yake, da hunturu sanyin dare kan kai ruwa ya daskare, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko bargon da ta sayo a Makka ta ce ba ta son musu.

Motar komawa ta cika da buhunan sabon wake da mata masu zuwa biki. Na yi amfani da hanyar na rubuta abin da ya rage. In biza ta fito, jirgi ta Kasabalanka zuwa Malaga, daga nan bas zuwa Giranada. Ɗakin haya da za mu raba da wasu ɗalibai. Katin zama na baƙi, wanda dole a nema cikin wata ɗaya da sauka. Takalmin sanyi. Sai kuma abin da muka ƙulla da Kawu a bakin rijiya: farkon kowane wata zai zura igiya da dutse a bakinta, ya auna daga baki zuwa ruwa, ya turo mini ta WhatsApp, shi da maƙwabtansa biyu masu rijiya a sama da ƙasan fadamar. In aka yi haka daga damina zuwa damina, zan samu abin da zan ajiye a gaban malamin da zai duba aikina, in roƙe shi a yi binciken a kan fadamar Daura. Muna Mashi saƙon farko ya shigo, da muryar Kawu da iska na kaɗawa a bayansa: gaba guda da kamu biyu daga baki zuwa ruwa.